Tambaya da Amsa: Karatun Turanci da Adabinsa a Matakin A Level

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga Makka da Jidda da Madina suka zo, kuma a kan abu ɗaya suke: yaran da suka kai shekaru biyun ƙarshe na sanawiyya, wato babbar sakandare, suna son ɗaukar Turanci ko adabinsa a tsarin hukumar jarrabawa ta Cambridge. Malaman da ke amsa tambayoyin wannan shafi sun zaɓi shida daga ciki.

Assalamu alaikum, malamai. 'Yata za ta gama IGCSE, matakin da ake yi kafin A Level, bana a wata makaranta a Jidda. An ba ta takardar zaɓen darussa, sai muka ga Turanci har kala uku, kowanne da lambarsa. Ni dai na ɗauka Turanci ɗaya ne. Wanne ya kamata ta ɗauka?
*Wata uwa, Shara Mansur, Makka*

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya yi mata albarka. Ukun da kuka gani su ne 9093, wato harshen Turanci. Da 9695, wato adabin da aka rubuta da Turanci. Sai 8695, wanda ya ɗebo kaɗan daga kowanne. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, babu ko ɗaya a cikinsu da yake koya wa yaro Turanci. Duka ukun sun ɗauka ya riga ya iya. Abin da suke nema shi ne ya zauna da rubutun wani ya feɗe shi: me marubucin ya yi da kalmominsa, don wa ya yi, kuma me hakan yake sa mai karatu ya ji.

A 9093 babu littafin da aka ɗora wa ɗalibi. Takardu huɗu ne, kowace maki 50, biyu a shekarar farko wadda ake kira AS, biyu a ta biyu. Takarda ta ɗaya karatu ce, awa biyu da minti 15: za a ba ta rubutun da ba ta taɓa gani ba, ko talla, ko jawabi, ko labarin tafiya, ta mayar da shi wani salon cikin kalma 150 zuwa 200, sannan ta kwatanta nata da na asali, sai kuma ta feɗe wani rubutun daban. Ta biyu rubutu ce, awa biyu: gajere wanda bai wuce kalma 400 ba tare da bayanin dalilin da ya sa ta rubuta shi yadda ta rubuta, sai dogo mai kalma 600 zuwa 900. A shekara ta biyu abin yana komawa ilimin harshe sosai. Za ta karanci yadda Turanci ya sauya tun daga zamanin da Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, zuwa ƙamus ɗin Johnson na 1755, zuwa yau. Za ta karanci yadda jariri ke koyon magana, daga kalma ɗaya zuwa biyu zuwa jimla, da saɓanin da ke tsakanin masana Skinner da Chomsky da Piaget a kan haka. Wannan ita ce takarda ta uku. Takarda ta huɗu kuwa a kan matsayin Turanci a duniya ce, da yadda harshe ke nuna ko wane ne mutum. Yarinyar da ta tashi da Hausa a gida, Larabci a titi, Turanci a aji, tana da abin faɗa a nan wanda ɗan Landan ba shi da shi.

Shi kuwa 9695 littattafai ne. Takardu huɗu, kowace awa biyu, kowace tambaya biyu: wasan kwaikwayo da waƙa, zube da wani rubutun da ba a taɓa gani ba, Shakespeare da wani wasan, sai waƙa da zube na kafin 1900 da bayanta. Ba a shiga da littafi ɗakin jarrabawa.

Na ukun, 8695, a yi hattara da shi. A AS yake tsayawa, ba ya kaiwa cikakken A Level. Idan tana buƙatar darussa uku cikakku don jami'a, wannan ba zai shiga lissafi a matsayin ɗaya daga cikinsu ba. Ya dace da mai karatun kimiyya da ke son ƙarin darasi na huɗu.

To, wanne? Ki duba abu biyu. Na farko, wane Turancin ta yi a IGCSE. In 0500 ta yi, wato na masu harshen farko, kuma ta samu B ko sama, duk wanda ta zaɓa za ta iya. In kuwa 0510 ko 0511 ta yi, na masu harshe na biyu, ko A ta samu akwai rata mai faɗi, domin waɗancan fahimta suke gwadawa, ba fiɗar rubutu ba. Na biyu, me take karantawa idan babu wanda ya sa ta? Yarinyar da ba ta taɓa gama ƙagaggen labari don son ranta ba, kada a tura ta adabi, za ta wahala shekara biyu. Cambridge tana ƙiyasta awa 180 na koyarwa ga AS, 360 ga cikakke, ban da karatun gida, wanda a adabi ya kan fi na aji yawa.

Malamai, ina shekarar farko a adabi. Wallahi na karanta littattafan sau biyu-biyu, babu abin da ban sani ba a labarin, amma malama kullum 11 ko 12 take ba ni cikin 25. Tana rubuta mini cewa labari nake bayarwa. To me ake so in yi?
*Wani ɗalibi, Jidda*

Ɗanmu, malamarka ta gaya maka gaskiya, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi kayar da yaranmu. Mai duba takardarka ya san labarin. In ka cika shafi uku kana gaya masa wane ya kashe wane, ka nuna masa abu ɗaya kawai cikin abubuwan da ake ba maki, wato sanin littafi. Sauran su ne fiɗar salo, da ra'ayinka na kanka mai hujja, da iya tsara magana. A shekara ta biyu kuma a ƙara da auna ra'ayoyin wasu manazarta.

Bari mu nuna maka da misali na Hausa, aikin ɗaya ne. A ce marubuci yana maganar wani baƙauye da ya sauka a birni, sai ya rubuta: “Birnin ya haɗiye shi, bai ko tauna ba.” Ɗalibi na farko zai ce: mutumin ya zo birni ya ɓace a cikin jama'a. Wannan labari ne, kuma makinsa kaɗan. Na biyu zai ce: marubucin ya yi amfani da mutuntarwa. Ya ɗan fi, amma suna kawai ya kira, bai yi aiki ba. Na uku zai ce: an mayar da birnin dabba mai ci, shi kuma mutumin ya zama loma, a nahawun jimlar ma birnin ne mai aikatawa, mutumin ko sunansa ba a ambata ba, “shi” kawai ya rage. Sannan “bai ko tauna ba” ya ƙara ƙasƙantar da shi, domin abin da ba a tauna ba bai kai a lura da shi ba. Gajartar jimlar ita ma ta yi daidai da saurin ɓacewar. Daga nan sai ya haɗa wannan da jigon littafin gaba ɗaya, ya nuna wani wuri a gaba inda aka sake kwatanta birnin da ciki ko da yunwa. Kalma takwas suka ba shi sakin layi cikakke. Haka ake so kowane sakin layinka ya kasance: ka faɗi abin da kake iƙirari, ka kawo 'yan kalmomi daga littafin, ka tsaya a kansu ka nuna yadda suke aiki, ka koma kan tambayar.

Kuma kana da jarin da wataƙila ba ka san kana da shi ba. Duk yaron da ya zauna ajin balaga, wato ilimin adon magana, a nan Saudiyya ya riga ya yi wannan aikin da Larabci. Ka san tashbihi da rukunansa, ka san isti'ara, da kinaya, da jinasi, da ɗibaƙi, kuma malamin balaga bai taɓa barinka ka tsaya a kiran suna ba, sai ya tambaye ka sirrin kyan abin. Wannan tambayar ita ce ainihin abin da Cambridge take yi maka. Ka ɗauki littafin rubutu ka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya sunan Larabci, ɗaya gefen takwaransa na Turanci, za ka ga fiye da rabi ka san su.

Wuri ɗaya ne ilimin Larabci zai iya ɓatar da kai, shi ne karin waƙa. Aruli, ma'aunin waƙar Larabci wanda Khalil bin Ahmad ya tsara, da waƙar Hausa rubutacciya da ta bi sawunsa, nauyin gaɓa suke aunawa, doguwa da gajeriya. Turanci kuwa ƙarfin furuci yake aunawa, wace gaɓa aka danna, wace aka sassauta. Ɗangon Shakespeare da aka saba gaɓa goma ne, sassauƙa sannan dannanniya, sau biyar, kuma yawanci babu amsa-amo. Sai ka karanta da ƙarfi kana buga tebur kafin kunnenka ya kama. Amfanin sanin karin shi ne ka lura da inda ya karye, domin sau da yawa a nan hankalin mai maganar ya tashi. Haka nan ka lura da inda wani babban mutum a wasan ya bar waƙa ya koma zube.

Tunda ba a shiga da littafi, sai ka haddace. Kada ka haddace dogayen sassa. Ka tara gajerun maganganu masu kalma uku zuwa shida, kamar 30 zuwa 40 a kowane littafi, ka kasa su bisa jigo da taurari, kuma ka fifita waɗanda za su yi maka aiki a jigo biyu ko uku. Hadda ba baƙuwa ba ce a wurin yaranmu. Abin da ake yawan rasawa shi ne zaɓen abin da ya cancanci a haddace.

Salamu alaikum. Na leƙa wani littafi da aka ba ɗana, na ga maganar soyayya da giya da kisan kai, har da abubuwan addinin Kirista. Hankalina bai kwanta ba. Ba don tarbiyya muka zauna a garin Manzo ba? Ko in cire shi?
*Wani uba, Madina*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, kuma ba za mu ce maka babu waɗannan abubuwa ba. Akwai su. Shakespeare ya rayu daga 1564 zuwa 1616 a ƙasar Kiristoci, wasanninsa cike suke da kishi da cin amana da son mulki da zub da jini, marubutan bayansa ma haka. Sai dai jarrabawar ba ta neman yaro ya yarda da abin da tauraro ya aikata. Ra'ayinsa ake nema da hujja, kuma ɗalibin da ya nuna yadda marubuci ya bi mai son zuciya har zuwa halakarsa, amsa mai kyau ya bayar. Shi ma adabin Larabci da ake karantarwa a sanawiyya akwai waƙoƙin jahiliyya a ciki, ana nazarin harshensu ba tare da an ɗauki aƙidarsu ba.

Ga abin da za ka iya yi. Cambridge jerin littattafai take fitarwa, makaranta ce ke zaɓar wanda za ta koyar a kowane sashe, kuma jerin yana sauyawa lokaci-lokaci. Ka nemi sunayen littattafan shekara biyun tun kafin a fara zango, ka sa wanda ka amince da shi ya duba maka su. Littattafan ba ɗaya suke ba, wasu sun fi wasu tsauri nesa ba kusa ba, kuma malami yakan saurari iyaye idan sun zo da wuri, kafin a sayi littattafai a fara. Idan duk da haka ranka bai kwanta ba, a mayar da shi 9093, inda babu littafin dole. Amma a yi haka cikin makonnin farko; bayan wata biyu ya yi asarar da wuya ya cike.

Game da abubuwan addini kuwa, yawancinsu ishara ce ga ƙissoshin da ɗanka ya sani daga Alƙur'ani: Annabi Adamu da itaciya, 'ya'yansa biyu, jirgin Annabi Nuhu, haƙurin Annabi Ayuba. Sai dai yadda Baibul ya kawo su ya bambanta a wurare, don haka a saya masa bugun da ke da sharhi a ƙasan shafi, ya san abin da marubucin yake nufi, ya kuma san nasa. Ka riƙa tambayarsa abin da ya karanta bayan sallar isha'i. Yaron da ke tattauna littafi da mahaifinsa ya fi samun kariya a kan wanda aka hana shi ya koma karantawa a waya.

Malamai, ni a sanawiyyar gwamnati na yi karatu, komai da Larabci, amma kullum ina cin Turanci sama da 95. Ina so in zauna A Level na Turanci daga gida ba tare da makaranta ba. Zai yiwu?
*Wata ɗaliba, Rusaifa, Makka*

Zai yiwu, 'yarmu, domin 9093 da 9695 duka jarrabawar zaune ce, babu aikin aji da sai malami ya sa hannu. Masu zama daga gida ta hannun British Council suke rajista, kuma tana da ofisoshi a Riyad da Jidda da Khubar. Ana zama sau biyu a shekara: Mayu zuwa Yuni, sakamako ya fito a Agusta, da Oktoba zuwa Nuwamba, sakamako a Janairu. Rajistar ta farko takan rufe wajen Fabrairu, ta biyu wajen Agusta, wanda ya makara kuma sai ya biya tara mai nauyi.

Amma kada 95 ɗin nan ta ruɗe ki. Turancin sanawiyya na cike gurbi ne da zaɓen amsa da gajeren sakin layi. Ki gwada kanki kafin ki kashe riyal ko ɗaya: ki nemo tsohuwar takarda ta ɗaya ta 9093, ki kulle ƙofa awa biyu da minti 15, babu ƙamus babu waya, sannan ki auna abin da kika rubuta da tsarin ba da maki na shekarar. Idan kin tsaya neman ma'anar kalma fiye da biyar ko shida a shafi guda, ba ki kai ba tukuna. Sai ki fara da IGCSE 0500 na shekara ɗaya, wanda dama jami'o'i da yawa za su tambaye ki shi.

Kurakuran masu fitowa daga Larabci sanannu ne. Jimla takan yi tsawo, a yi ta ɗinke ta da waƙafi da “and” yadda harafin “wa” na Larabci ke yi, har layi shida babu aya. Ana mance babban baƙi a farkon jimla da sunaye, tunda rubutun Larabci ba shi da shi. Wasula suna rikicewa a rubutu, “the” tana shiga inda ba a so. Ga kuma doguwar shimfiɗa kafin a shiga magana, wadda a insha'in Larabci ado ce, a nan kuwa ɓata minti goma ne. Ba za ki ga waɗannan da idonki ba, dole ki sami wanda ya san tsarin ya riƙa duba miki rubutu ɗaya aƙalla duk mako. Ki kuma karanta rahoton masu duba jarrabawa da Cambridge ke fitarwa bayan kowane zama, a ciki suke faɗin inda ɗalibai suka faɗi.

Abu biyu na takardu. Sunan da za ki rubuta a rajista ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo, kuma fasfon ko iƙamar, wato katin izinin zama, kada ya ƙare kafin ranar takarda ta ƙarshe. Sannan a 'yan shekarun nan zaman Mayu da Yuni yana haɗuwa da lokacin Hajji, hanyar Makka zuwa Jidda takan cushe da shingayen bincike. Ki ɗora jadawalin jarrabawar a kan kalandar Hijira tun da wuri. In ranakun sun yi kusa, ki kwana wurin 'yan uwa a Jidda, ko ki zaɓi zaman Oktoba. In kuma kin raba AS da shekara ta biyu, makin AS ɗin wata 13 kawai ake iya ɗaukarsa gaba.

Idan yaro ya ci A Level na Turanci, ya huta da IELTS da Ƙudurat ke nan? Kuma zai yi masa amfani in muka mayar da shi gida Najeriya ya karanci lauya?
*Wani kawu, Jidda*

Bai huta ba, Malam. Ƙudurat jarrabawar auna basira ce don shiga jami'a, ta hukumar Ƙiyas, hanyarta daban, kuma jami'o'in Saudiyya da ke neman ta ba sa yafe ta don A Level. Haka nan takardar waje sai an yi mata mu'adala, wato an daidaita ta da ta Saudiyya. IELTS kuwa, wato jarrabawar gwada iya Turanci, kowace jami'a da ƙa'idarta, wasu suna karɓar IGCSE 0500 a madadinta, wasu ba sa karɓa. A rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a sami amsa a rubuce. Kada a yi gaggawar zama IELTS, shekara biyu take aiki.

A Najeriya A Level yana ba da damar shiga kai tsaye ta hannun JAMB, a fara daga aji biyu na jami'a, da darussa biyu aƙalla. Amma ba ya share sharaɗin kiredit biyar na matakin O Level, kuma masu karatun lauya ana neman adabin Turanci a cikin nasu. Wanda ke da wannan niyya ya ɗauki adabi tun daga IGCSE, lambarsa 0475.

Kullum lokaci yana ƙare mini. Tambayar farko nakan yi ta da kyau, ta biyu rabin shafi. Hannuna ma ciwo yake.
*Wata ɗaliba, Madina*

'Yarmu, lissafin maki zai nuna miki asarar. Tambayoyin biyu maki 25-25 ne. Ƙarin minti 20 a kan ta farko da ƙyar ya ɗaga ta daga 18 zuwa 20, amma rashinsu zai iya sauke ta biyu daga 16 zuwa 7. A takardun adabi awa ɗaya ce ga kowace tambaya: minti 10 na karanta tambaya da tsara hujjoji huɗu ko biyar da za ki kawo, 45 na rubutu, 5 na dubawa. Awa na cika ki bar layi biyar ki wuce, ko a tsakiyar magana kike. A takarda ta ɗaya ta 9093 kuwa ki ba ƙaramin rubutun minti 25 zuwa 30, kwatancin 40, ragowar awa ɗaya da 'yan mintuna ga fiɗar rubutu na biyu.

Ciwon hannu kuma daga rashin sabo ne, musamman ga wadda ta saba rubutu daga dama ko ta saba da kwamfuta. Daga yau duk aikin gida ki yi shi da biro baƙi ko shuɗi mai duhu, irin wanda za ki shiga da shi, ki sassauta riƙo. Sau biyu a mako ki sa agogo ki rubuta amsa ɗaya cikin minti 45. Ki ƙirga kalmomin layi uku ki san yawan da kike zubawa a shafi, don kada ki tsaya ƙirga kalma 600 ɗaya bayan ɗaya a ɗakin jarrabawa. Wata biyu kafin zama ki koma yin takarda cikakkiya duk ranar Asabar, a daidai sa'ar da jadawali ya nuna za a yi ta.